Yadda na koyi feshin banish da injin tabayin a shagona na kafinta

Shekara goma sha ɗaya ina aikin kafinta a Kano, kuma a mafi yawan shekarun nan ba ni nake gama kayana da hannuna ba. In na haɗa gado ko wadirof, sai in kira mai fenti ya zo da kwamfuresarsa ya fesa, in biya shi. Daga baya na sayi ƙaramar kwamfuresa mai tanki lita 50, na riƙa yi da kaina. Tana aiki, amma ba ta riƙe iska: kana tsakiyar ƙofar wadirof sai ƙarfinta ya faɗi, ka tsaya jiran tanki ya cika, kafin nan gefen da ka fesa ya bushe, mahaɗar ta fito fili. Da damina kuma ruwa yakan taru a tankin, bindiga ta tofo shi a kan aiki. Ga hazon banish da ke cika shago, rabin abin da ka saya da kuɗinka yana tafiya a iska. Bayan an cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, tayar da babban janareto saboda kwamfuresa ya zama abin da sai na yi lissafi tukuna. Abin da ya ƙarasa tunzura ni shi ne ranar da wata Hajiya ta zo karɓar madubin 'yarta, ta shafa saman durowar da tafin hannu, ta ce, "Malam, aikin katakonka ba laifi, amma wannan fentin ba na ɗakin amarya ba ne." Gaskiya ta faɗa, kuma maganar ta kwana a raina.

A YouTube na fara ganin injin da ake kira HVLP na tabayin. Ma'anar haruffan a Turanci ita ce iska mai yawa amma mai ƙarancin matsi. Ba shi da tanki. Akwati ne da za ka ɗauka da hannu ɗaya, a cikinsa akwai mota mai juya fankoki da ke jere a kan sanda guda, irin motar injin zuƙar ƙura, sai dai ita hurawa take yi. Iskar tana bi ta wani tiyo mai kauri ta kai ga bindigar feshi. Yawan fankokin shi ake kira mataki: mai mataki 2, mai 3, mai 4, har mai 5. Da psi ake auna matsin iska. Kwamfuresa tana iya ba bindiga psi 40 ko 50, shi kuwa wannan ko mafi ƙarfinsa bai cika wuce psi 10 ba, mai mataki 3 yana wajen psi 6. Saboda iskar ba ta dukan katako da ƙarfi, banish ba ya tsalle ya dawo, mafi yawansa yana zama a kan aiki. Sunayen da na fi cin karo da su su ne Fuji na Kanada, Apollo na Amurka, Earlex na Ingila da Wagner. Da na ga farashin sababbi da dala, a lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, sai na san sai dai na hannu.

A watan Fabrairu na 2024 wani abokina ya haɗa ni da mai sayar da kayan aiki na tokunbo a Legas. Ya turo mini bidiyo ta WhatsApp injin yana ruri, mai mataki 3, da bindigarsa da tiyo mai tsawon ƙafa 25. Muka daidaita a naira 420,000, kuɗin mota 12,000 daban. Na tura kuɗi ranar Litinin, aka ce Alhamis zai iso. Sai da na yi sawu uku zuwa tasha, ran kwana na tara aka miƙo mini kwali da lambar wayata a jiki. A waɗannan kwanakin ban yi barci mai kyau ba, don kuɗin jarin katako ne na taɓa.

Da na buɗe kwalin a shago, yarana sun zagaye ni, ɗaya har ya kama waya zai cusa a soket. Filogin ne ya ƙi shiga, mai ƙafafu biyu masu faɗi da ɗaya zagayayya. Yaron ya ce bari ya yanke kan ya sa namu. Allah ne ya sa na juya akwatin na duba ɗan ƙarfen da ke bayansa, na ga an rubuta 120V, 60Hz, 11A. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Da an yanke filogin nan an sa, da motar ta ƙone a cikin daƙiƙa kaɗan, kuɗina ya bi ruwa ban fesa ko ɗigo ba. Mai sayarwar bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba; ashe a bidiyon da ya turo ta tiransifoma ya kunna shi. Na ɗauki injin zuwa wurin mai gyaran lantarki a unguwarmu. Ya ninka 120 da 11, ya ce wat 1,320 ke nan, in nemo tiransifoma mai sauke wuta ta wat 3,000 don kada ta riƙa zafi. Na tambaye shi batun 60Hz, tunda tamu 50 ce. Ya buɗe gefe ya nuna mini gawayin motar, ya ce irin wannan mota mai gawayi ba ruwanta da wannan bambanci, abin da take so kawai bolt ya yi daidai. Washegari na shiga Sabon Gari na sayo tiransifomar a naira 55,000. Ƙaramin janareton nan na gida ba ya ɗaukarsa, amma matsakaicin da nake kunna injin yankan katako da shi ya ɗauka ba tare da nishi ba.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Kuskurena na farko shi ne na gwada a kan aikin mutane. Ƙofofin kabad ne na kicin guda shida. Na haɗa banish ɗin NC, wato mai saurin bushewar nan da ake sirkawa da tina, daidai yadda na saba haɗawa don kwamfuresa, na auna da ido, na zuba a kofin bindiga. Da na ja kunama sai ya riƙa fitowa gudaji-gudaji. Da ya bushe, fuskar ƙofar ta zama kamar ɓawon lemo. Na ƙara buɗe maɓallin ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Na nemi inda zan ƙara iska, babu, don injin ya riga ya ba da iyakar abin da yake da shi. Kwana biyu ina gogewa da samfefa ina sakewa. A rana ta uku na zauna a bakin shago ina kallon akwatin, gwiwata ta yi sanyi, har na fara tunanin wanda zan sayar wa ko da da asara.

Maigidana da ya koya mini aiki ne ya ce in je wurin wani dattijo da ya shekara fiye da talatin yana fentin motoci da kayan ofis. Na ɗauki injin da ƙofa ɗaya a adaidaita sahu na same shi da hantsi. Ya duba ƙofar, ya karkata ta ga haske, bai ce komai ba. Ya sa hannu a kwalin ya zaro wani ɗan kofin roba mai huda a gindi, wanda ni na ɗauka mazurari ne na ajiye gefe. Ya ce, "Ɗana, ka yi amfani da wannan?" Na ce, "A'a, Baba, ban san amfaninsa ba." Ya ce, "To shi ne rabin injin." Kofin awon kauri ne, ana kiransa Ford mai lamba 4. Yana cin mililita 100, hudarsa kamar milimita 4. Za ka tsoma shi a banish ya cika, ka ɗaga, ka fara ƙidaya da agogon waya har zaren da ke zuba ya tsinke. Muka gwada haɗin da na zo da shi, ya yi daƙiƙa 41. Baba ya buɗe littafin da ya zo da injin, ya sa yatsa a kan jadawali: irin wannan banish daƙiƙa 18 zuwa 20, sila, wato shafin da ake fara yi wa katako kafin banish, 20 zuwa 22. Ya riƙa ƙara tina kaɗan-kaɗan yana juyawa yana aunawa har muka sauko 19. Ya tace shi da rariyar takarda, sannan ya zuba.

Maganar da ya yi mini a nan ita ce ta gyara mini tunani gaba ɗaya. Ya ce da kwamfuresa, in fenti ya yi kauri sai ka ƙara iska ta farfasa shi da ƙarfi, shi ya sa mai kwamfuresa yake iya auna da ido ya tsira. Shi wannan ba shi da ƙarfin da zai ƙara, don haka fenti ne zai sauko ya same shi. Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin na ga inda ido ya gaza, don haɗin daƙiƙa 19 da na daƙiƙa 28 kusan iri ɗaya suke a jikin sandar juyawa, amma a jikin katako bambancinsu kamar dare da rana.

Ya kwance kan bindigar ya nuna mini lambar da ke jikin allura da baki: 1.8, wato faɗin hudar da banish ke fita a milimita. Ya ce wannan na fenti mai kauri ne irin shafin farko, banish yana son 1.3. Da muka zazzage kwalin sai ga ta 1.3 a cikin ƙaramar leda, tare da hular iskarta. Su ukun tare ake canza su, allura da baki da hula. Sannan ya jingina kwali a bango ya ce in fesa. Ya kama gwiwar hannuna ya ce nisan bindiga da aiki taƙi guda ne, inci 6 zuwa 8, kuma kada in karya wuyan hannu ina lilo da ita, in tafi da dukan hannun a miƙe. In ja kunama kafin in shiga katako, in sake ta bayan na fita. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Ƙahonin hular in suna kwance, feshin a tsaye yake fita, shi ne na tafiya daga hagu zuwa dama. In za ka yi sama da ƙasa sai ka juya su. Maɓallin ruwa kuwa a rufe ake farawa, ana buɗewa kaɗan-kaɗan har feshin ya jiƙa kwali bai zubo ba. Ya sa na ƙare kofi guda a kan kwali kafin ya bar ni na taɓa ƙofar. Da na fesa ta, na ga banish ya kwanta yana sheƙi kamar an zuba ruwa a faranti. Na ce, "Baba, nawa zan ba ku?" Ya ce, "Ka je ka yi aiki mai kyau, in yaro ya zo maka da tambaya kai ma ka nuna masa." Na dai sayo masa goro na aika washegari.

Satin da ya biyo baya na sha fama da zubowa. Da yake yanzu banish ɗin ya yi ruwa, kuma ba ya watsewa a iska, in ka yi jinkiri kaɗan sai ya taru ya gangaro kamar hawaye, musamman a gefen da ke tsaye. Maganinsa na gano shi ne in cire ƙofofi da durowoyi in kwantar da su a kan benci, abin da ba ya kwantuwa kuma in yi masa shafi siriri sau uku maimakon mai kauri sau biyu. In hawayen ya riga ya fito, kada ka taɓa shi yana ɗanye. Ka bari ya bushe, ka kankare da reza, ka bi da samfefa 320, ka sake fesawa. Alherin banish ɗin NC shi ne sabon shafi yana narkar da na ƙasa su haɗe, tabon ya ɓace.

Da azumi ya kama a watan Maris zafi ya shigo, sai wata matsala ta ɓullo. Aikin da na fesa da azahar yakan fito da kaushi, in ka shafa kamar an barbaɗa rairayi. Iskar tabayin da ɗumi take fita, don motar tana zafafa ta. Wannan ɗumin ne ya sa ba ta tofo ruwa kamar kwamfuresa, amma a zafin Kano da ke kai digiri 40, tina takan bushe tun banish yana hanya. Na koma yin feshi daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara, na bar tiyon a miƙe a inuwa don iskar ta huce, na kuma samo ruwan da ake kira ritada, mai jinkirta bushewa, ina ɗiga kamar kashi 5 cikin 100. Wani abin da na lura da shi: ranar da wutar gari ta zo ba ƙarfi, kukan injin yakan sauka, feshin ya koma gudaji. A irin wannan rana gara in tayar da janareto.

Wata safiya kuma na ja kunama, iska na fita, banish ko ɗigo. Na kwance baki na wanke, na canza allura, shiru. Hankalina ya tashi don na ɗauka bindigar ta mutu, kuma ban san inda zan samu irinta a Kano ba. Sai yarona ya lura da wani siririn tiyo mai haske da ya tashi daga jikin bindiga ya shiga murfin kofi, a tsakiyarsa akwai ɗan bawul kamar ƙwayar gyaɗa. Ta nan iska ke shiga kofi ta matso banish sama. Na riƙa karkata bindiga sosai in zan fesa saman tebur, banish ya shiga ya daskare a ciki. Muka jiƙa shi a tina, muka hura, aiki ya dawo. Tun ranar ba na kwantar da bindiga da banish a cikinta, kuma kullum in an tashi sai an fesa tina zalla, an cire hula da baki an wanke da ɗan buroshi. Ba a cusa waya ko ƙusa a hudar baki, tsinken sakace ya isa.

Wurin feshi ma sai da na gyara. Na kewaye kusurwar shago da leda mai kauri, muna share ƙasa mu yayyafa ruwa kafin a fara, kuma ba a kunna injin yanka ko na guga sai an gama. Akwatin tabayin a waje yake zama, iyakar tsawon tiyo, ta ɓangaren da iska ke tasowa. Dalili biyu ne. In ya zuƙi hazon banish, soson tacewarsa ya toshe, mota ta yi zafi ta ƙone. Na biyu ya fi muhimmanci: gawayin motar yana tartsatsi, tururin tina kuma yana kama wuta. Janareto ma nesa, kuma na hana mai shayin da ke gefenmu kawo risho kusa da ƙofa da safe. Batun numfashi, takunkumin kyalle irin na lokacin korona ba ya tare tururin tina. Na gane haka da ciwon kai da jiri da nake kwana da su. Na sayi na roba mai gwangwanayen gawayi biyu a naira 25,000, na sayi na biyu don yaron da ke taya ni. In ka fara jin warin tina ta cikinsa, gawayin ya ƙare, a canza. Masu amfani da banish mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa ruwan taurarawa, su suka fi buƙatar kulawa, don yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma.

Aikin farko da na ce na yi shi yadda ya kamata shi ne kayan ɗakin wata amarya da aka sa bikinta bayan ƙaramar Sallah: gado, wadirof mai ƙofa huɗu, madubi da durowoyin gefen gado biyu, da katakon maɗaci da filawud da na sayo a Na'ibawa. Ranar farko guga ce kawai, samfefa 120, sannan 180, sannan 220, kullum ana bin jijiyar katako, aka kakkaɓe aka goge da kyalle mai tsabta. Rana ta biyu na sa launi, na bar shi ya kwana. Rana ta uku da asuba na fesa sila sau biyu, tsakani minti 30, da hantsi muka bi da 320 a hankali har ta yi gari fari. Rana ta huɗu banish sau uku, kowane haɗi sai na auna da kofi, kowane shafi sai na fara gwadawa a kwali. Na bar kayan kwana uku kafin a naɗe su, don banish yana bushewa a taɓawa cikin minti goma sha biyar amma bai taurara ba, in ka naɗe da wuri bargo zai bar masa shaida. Galan ɗin banish da a da yake ƙarewa a irin wannan saiti, wannan karon ya yi saura mai yawa. Da mahaifiyar amarya ta zo, na ga ta kai tafin hannu saman madubin, gabana ya faɗi. Ta shafa, ta sake shafawa, ta ce, "Malam, Allah ya yi albarka."

A watan Agusta na ga abu na ƙarshe da ya ruɗa ni. Na fesa tebur bayan an ɗauke ruwa, sai fuskarsa ta yi fari-fari kamar hazo. Tina in tana tashi da sauri takan sanyaya fuskar aiki, laimar iska ta sauka ta maƙale a cikin banish. Injin ba ya kawo ruwa daga tanki, amma ba ya cire laimar da ke cikin iskar gari. Na haɗa tina da ritada na yi masa feshi siriri, farin ya narke a gaban idona. Yanzu da damina jadawalina juyawa yake: ba na feshi da asuba, sai rana ta ɗaga.

Ga wanda yake shirin saye, kafin ka tura ko sisi ka ce a turo maka hoton ƙarfen bayan injin ka ga bolt ɗinsa, ka tambayi mataki nawa ne, da lambar allurar da ke ciki, da ko kofin awo da littafi suna nan. Ka sa kuɗin tiransifoma da takunkumi a lissafi tun farko. In banish da sila za ka riƙa fesawa, mai mataki 3 ya ishe ka. In fenti mai kauri na ruwa kake nufi, nawa ya gaza sai na sirka shi fiye da ƙima, a nan mai 4 ko 5 ya fi. Ba injin fentin gini ba ne, kuma a babban aiki kamar get ɗin ƙarfe kwamfuresa ta fi shi sauri, shi ya sa ban sayar da tawa ba. Yana da ƙara, kuma ba ya hutawa kamar kwamfuresa, muddin yana kunne ruri yake. Ka ware galan rabi na banish da kwalaye don koyo, kada ka fara a kan kayan mutane kamar yadda na yi. A bangon wurin feshi na rubuta daƙiƙun kowane haɗi da alli, kofin awon kuma yana rataye a ƙusa kusa da su. Yaron da ya so yanke filogi shi ke fesa sila yanzu, banish na ƙarshe ne kawai ban sakar masa ba tukuna.